Mataimakin Da Ya Dafa Wa Soja Abinci

Plumstead, Landan

Magaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya ɗaga jirginku lafiya ya sauke shi lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a hanya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin baki. Na damƙa wa Innarka ita, na ce kada ta cusa maka a aljihu sai kun isa filin jirgi, don na san halinka. In ka karanta ta a gida tsayawa za ka yi kana yi mini gardama har jirgi ya tashi ya bar ka.

Kai ne ɗan fari, ka kuma san irin tarbiyyar da muka taso da ita. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ido da ido ba. Shekarun da na yi a ƙasar nan sun koya mini bin layi da cin abinci da cokali mai yatsu, amma ba su cire mini wannan kunyar ba. Shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Ka tuna abin da ya faru ranar Lahadi muna cin tuwo. Soja sun ce za su koma bariki, an ɗauko tsarin mulkin Amurka za a gwada a ƙasarmu, duk mai neman gwamna sai ya tsaya da mataimaki. Alhaji Sabo, ɗan kwangilar nan na jiharmu, ya aiko yana son ka tsaya masa. Kai kuma ka yi booking na jirgi takanas don ka je ka ce masa a'a a gaban dattawan jam'iyya, wai su san darajar mai digiri uku. Na ce maka ka dai yi tunani. Sai ka ajiye loma ka ce, "Baba, na yi shekaru ina nazarin mataimaki, a gidan mataimaki kuma na girma. Ni ba zan ƙare rayuwata ina riƙe wa wani laima a ƙofar otal ba." Innarka ta saki ludayi cikin miya. 'Yarka Asma'u ta dube ni ta tambaya da Turancin nan nata ko Kaka ba shi da lafiya ne. Na ce mata lafiya lau, na tashi na je na yi alwala alhali lokacin salla bai yi ba.

Raina ya ɓaci, wallahi ya ɓaci, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma gaskiya ka faɗa, na riƙe laima. Tun da aka buɗe ofishin nan namu na kusa da Aldwych, mai kula da ɗaliban jiharmu da baƙinta, ni ne na biyu. Shugabanni sun zo sun tafi, ina nan inda nake. Da kuɗin mai ya ɓarke kuwa sai abin ya zama kamar an buɗe famfo an manta: kwamishina ya zo duba ido, babban sakatare ya zo sayen labule, wani ya zo don kawai maƙwabcinsa ya zo. Kowannensu ni ke tarbo shi, ni ke kai shi kanti, ni ke tsayawa a bayansa da laima ruwa na zuba a kafaɗata ta hagu. Yau ba na jin kunyar wannan ko ƙiris, kuma kafin ka kai ƙarshen takardar nan za ka san dalili.

Bari in fara da mutuminka, mataimakin shugaban Amurkan nan na zamanin da wanda ka yi nazari a kansa. Kundin digirin nan naka mai baƙin bango da ke kan kabad, wanda ka zaci babu mai taɓa shi sai Innarka in tana goge ƙura, na karanta shi tas. A jirgin ƙasa nake karantawa, zuwa aiki da dawowa, ƙamus a cinya ɗaya kundi a ɗaya, har wani Bature da muke yawan haɗuwa ya fara tambayata ina aka kwana da mataimakin. Na yi alfahari da kai, ka ji na faɗa. Sai dai ni da kai ba mutum ɗaya muka gani a ciki ba.

Kai ka ga mutumin da aka wofintar. Ɗan manomi daga can ƙuryar arewacin Amurka, ya yi noma, ya yi aikin buga jarida, ya zama lauya, ya shiga majalisa, ya bar jam'iyyarsa saboda ya ƙi jinin bautar da mutane. Yana zaune yana karta aka zo aka ce masa an tsayar da shi mataimakin shugaban ƙasa. Bai nema ba, bai ma taɓa zama da mutumin da zai taimaka wa ba, an ɗauko shi ne don a daidaita shiyya. Suka ci zaɓe, yaƙin basasa ya ɓarke, shugaba ya shige ɗaki da ministocinsa ya bar shi yana hamma a kujerar majalisa. Da zaman ya ishe shi sai ya riƙa komawa gonarsa. Sannan ga abin da ya fi ba ka dariya: da aka kira 'yan sa-kai na garinsu su je gadin wani sansani a bakin teku, shi ma ya sa kaki ya bi su a matsayin ƙaramin soja, ya yi gadi, daga baya ya koma kicin yana dafa musu abinci. Na biyu a ƙasa guda, da ludayi a hannu! Ka rubuta cewa babu hujjar da ta fi wannan nuna kujerar fanko ce.

Ni da na kai shafin nan, rufe kundin na yi ina tunani, har jirgi ya wuce Plumstead da ni ban sani ba. Kujerar fanko ce, na yarda. Mutumin ne ba fanko ba. An hana shi aiki, ya je ya nemo wanda babu mai yin rububinsa, ya yi shi da hannunsa. Yaran da suka ci abincin nan suna da iyaye, suna da baki, suna da ƙuri'a. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ni ban fara da wannan hankalin ba. Farkon zuwana ina da irin zafin kanka, har na fi ka. Shugabanmu na farko, Oga muke ce masa, ya tafi gida hutu ya bar mini makulli. Ko rana ba ta faɗi ba na kwashe takarduna na koma ɗakinsa, ɗaki mai kafet da hita da taga mai kallon titi. Na ce wa matar da ke raba shayi daga yau nan za ta riƙa kawo nawa. In waya ta yi ƙara sai in bar ta ta ɗan jima, yadda yake yi, sannan in ɗauka da wata murya da ban san ina da ita ba. Ashe an soke wani taro da zai tsaya yi a Legas, ya dawo ba sanarwa. Ya turo ƙofa ya same ni na tuɓe takalma, na miƙe ƙafa gaban hita, ina juyi a kujerarsa. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam Ilyasu, ta yi maka daidai, ko a kira kafinta ya rage mata tsawo?" Na tashi ina laluben takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur. Daga ranar bai sake ba ni makulli ba, bai sake gaya mini abin da ke ransa ba, har ya bar Landan. To ka ji: na sama ya san na ƙasa da shi ne zai haye in ya faɗi, kuma wannan tunanin kaɗai ya isa ya rage masa barci. Kada ka ƙara masa. In Alhaji ya yi tafiya ya bar maka jiha, ka yi aikin daga ɗakinka, da motarka, da muryarka ta kullum. Ka kuma ja wa Hajara kunne, kada matarka ta shiga gasar gwal da leshi da matar gwamna, don sau da yawa daga nan rigimar ke farawa.

Sai masu zuga. Za su zo, tun kafin a rantsar da ku za su zo. Ni nawa ɗalibai ne. In muka haɗu a kasuwar Deptford wajen sayen doya da busasshen kifi sai su kewaye ni: "Malam, ai kai ne ofis, wancan hoto ne kawai." Daɗi ya riƙa ratsa ni har ƙashi. Wata Sallah a gidan wani likita, an ci an ƙoshi, suka yi ta tunzura ni har na miƙe na kwaikwayi tafiyar Oga na biyu, wanda ya gaji na farkon, mutum ne mai tumbi da ke tafiya kamar agwagwa, na ƙara da irin gyaran muryar da yake yi kafin ya fara Turanci. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Kafin mako ya zagayo sai ga shi tsaye a ƙofar ɗakina, ya yi gyaran muryar nan ya ce, "Haka ake yi, ko na kuskure?" Wanda ya fi kowa dariya shi ya kai labarin, yana neman a ƙara masa shekara a karatu. Kai naka zai fi nawa muni, don kana da abin da za a zuga ka da shi. Za su ce Alhaji bai wuce elementare ba, za su riƙa kawo maka kurakuran Turancinsa kamar tsaraba. Ranar da ka yi ko murmushi ne, to ya kai kunnensa da ƙari. Ka ɗaure fuska ka tambaye su abin da ya kawo su.

Ba cewa nake ka zama bebe ba. Bayan kunyar nan ni ma na zarce ta ɗaya gefen, na koma "to, ranka ya daɗe" ga kowace magana, in fito in yi ta gunaguni ni kaɗai a tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. An taɓa yanke shawarar mayar da wani ɗalibi gida don ya faɗi jarrabawa, ni kuwa na san ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi duk lokacin sanyi, amma na yi gum a taron don kada a ce na cika baki. Na dawo gida ina ta ɓaɓatu. Innarka ta saurara ta saurara, sannan ta ce, "Malam, in a tube za ka riƙa faɗin gaskiya, ai gara ka nemi aiki a can." Washegari na shiga wurin Oga, na rufe ƙofa, na faɗa masa daga ni sai shi. Ya yi faɗa, ya bugi tebur, ya kuma janye hukuncin. Mutuminka ma ka nuna haka ya yi, ya riƙa zuwa wurin shugabansa yana matsa masa a kan 'yanta bayi da ba baƙaƙe damar shiga soja. Duk abin da za ka faɗa wa Alhaji, komai ɗacinsa, ka faɗa masa ƙofa a rufe, in kun fito kuma bakinku ɗaya.

Yanzu ga mai zafin. Ka ba da babi guda ga yadda aka yar da shi. Da zaɓe na biyu ya zo, jam'iyya ta ga wani daga kudu zai fi yi mata amfani, aka sauke shi aka ɗora wancan. Ba a daɗe da rantsar da su ba aka harbe shugaban, wanda aka ɗora ya haye kujerar da saura ƙiris ta zama ta mutuminka. Ka kira shi mafi rashin sa'a a tarihin ƙasarsu. Na san wannan ɗacin, na ɗanɗana shi. Da Oga na biyu zai tafi kowa ya gama yi mini barka, har Innarka ta sa an ɗinka mini sabuwar riga. Sai ga waya daga gida, an turo sabon shugaba. Wane ne? Wani matashi da na taɓa tarbowa a filin jirgi yana ɗalibi, yana rawar sanyi, har na tuɓe kwat ɗina na yafa masa. Na yi fushi irin na banza. In zo aiki a makare, in amsa gaisuwa da ka, in koma gida in huce a kanku. Kai ma ka sha faɗan da ba ka san dalilinsa ba, kana tsakiyar karatunka. Me na samu? Gyambon ciki, shi ne har yau ya hana ni cin yaji.

Shi kuwa mutuminka, a shafukan da ka bi ta kansu da gudu, bayan an yar da shi fita ya yi yana yi wa waɗanda suka yar da shi yaƙin zaɓe. Aka ba shi wani aiki mai maiƙo a tashar jiragen ruwa, da ya ga sabon shugaban ya kauce hanya sai ya ajiye musu abinsu ya koma gida. Mutanen jiharsa suka sake ɗaukarsa suka mayar da shi majalisa, ya yi shekaru a can ana jin maganarsa, ya tsufa a garinsu cikin abokansa. To Malam mai digiri uku, nuna mini rashin sa'ar. Mutanen nan ba su mayar da shi don ya taɓa zama na biyu ba, sun mayar da shi ne don sun san shi, sun gan shi a gona, 'ya'yansu sun ci daga tukunyarsa. Saboda haka kada ka sayar da gonar kakanka komai za a taya, kada kuma ka yi sallamar ƙarshe da aikin koyarwa. Ka zauna tun yanzu ka san abubuwan da in aka ce ka yi su za ka ajiye makulli ka fita. Kada su yi yawa. Duk abin da ba ya cikinsu, wulaƙancin wurin zama ne ko an manta ba a gayyace ka ba, ka shanye.

Saura guda, ita na fi so ka ji. Aikin mataimaki, a Amurka ne ko a nan ko a gida, rabinsa aike ne. Je ka wakilce ni wurin suna, je ka ɗaurin aure, je ka gaisuwar mutuwa. Na daɗe ina ɗaukar wannan raini. Wata rana jaririn wani ɗalibinmu ya rasu a Woolwich, nan kusa da mu. Oga ya ce in je. Ana ruwa, ga matar wani kwamishina tana jirana in kai ta sayen takalma, sai na tura direba da saƙon ta'aziyya. Direba fa! Yaron nan da matarsa su kaɗai a ɗaki, ba uwa ba uba, ba su san inda ake samun likkafani a garin nan ba, ba su san wa ake gani a council, wato hukumar unguwa, a ba da wurin kabari ba. Wani maƙwabcinsu mutumin Pakistan ne ya tsaya musu. Yau ɗalibin nan babban likita ne, in muka haɗu yana gaishe ni da ladabi amma bai taɓa kallon idona ba, kuma yana da gaskiya. Daga nan na je wurin limaminmu na ce ya koya mini wankan gawa da duk abin da hukumar ƙasar nan ke nema kafin a binne Musulmi. Innarka ta sayo farin yadi ta ajiye a ƙasan akwati. Tun daga lokacin babu ɗan jiharmu da ya rasu a Landan ban tsaya a kansa ba. Babu wanda ya taɓa yin gasa da ni a kan wannan aikin, babu Ogan da ya taɓa jin tsoron zan ƙwace masa shi. Nawa kicin ɗin ke nan.

'Yan shekarun baya aka kawo wani tsoho asibiti, Malam Haruna, ciwon hanta ya ci ƙarfinsa. Kai lokacin kana Amurka kana tonon takardun mutuminka, shi ya sa ba ka san wannan ba, ni kuma ba mai ba ka labari ba ne. Ɗansa ne ya kawo shi, ya shirya komai, ya koma gida saboda aiki ya ce zai dawo. Tsohon ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci, ba ya iya cin abincinsu. Ba ɗalibi ba ne, ba jami'in gwamnati ba, Oga ya ce in leƙa shi sau ɗaya don a ce an leƙa. Na leƙa na tarar ya juya fuska bango. Sai na riƙa biyawa kullum in an tashi aiki, da kunun da Innarka ke damawa ta zuba a fulas. Yakan ba ni labarin yadda suke kora shanu kudu a ƙasa, in yanke masa farce, in juya masa gado ya fuskanci alƙibla, masu jinya suna harara ta ina yi kamar ban gani ba. Da jiki ya yi tsanani aka buga wa ɗansa waya, amma lokacin jirage cike suke da masu zuwa sayayya, ya yi ta safa da marwa a filin jirgi bai sami kujera ba. Wata la'asar tsohon ya kama hannuna ya ce, "Ilyasu, kada ka bari a sa ni cikin ƙanƙara ana jiran wani. Inda na faɗi, nan ƙasata take." Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya cika hannunsa na cikin nawa. Ni na wanke shi, Innarka ta ɗinka likkafani, na tara ɗalibai muka yi masa salla, ni na shiga kabarin na karɓe shi.

Ɗan ya iso bayan an gama komai. Na kai shi maƙabarta can bayan gari, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙaton mutum ne, ya durƙusa cikin taɓo da babbar rigarsa yana kuka wiwi, ni kuma na tsaya a kansa na riƙe masa laima. E, laimar nan dai da ka ambata. Ɗan nan shi ne Alhaji Sabo.

Ranar bai iya ce mini komai ba sai "Allah ya saka da alheri." Watan jiya da ya shigo Landan, kafin ya aiko maka sai da ya zo nan gidan kana wurin aiki. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa kan kafet. Ya ce, "Baba Malam, an kawo mini sunaye. Ni ban yi boko mai zurfi ba. Ina son wanda ya san tsarin nan na Amurka, wanda zai karanta mini abin da zan sa wa hannu ba tare da ya cuce ni ba. An ce ɗanka ya fi kowa saninsa. Iliminsa ban iya auna shi ba, amma na san gidan da ya fito." Na ce masa ni ba na yin alkawari da bakin ɗana, ya tambaye ka da kansa.

To ka ji. Iliminka naka ne, da guminka ka same shi, shi ya sa aka kawo sunanka. Amma abin da ya sa aka tsaya a kan sunan, laimar nan ce. Ban gaya maka don in ɗaure ka ba. Ka je ka zauna da shi, ku ci abinci kwano ɗaya, ka ji yadda yake yi wa direbansa magana, ka ga su wane ne ke shiga ɗakinsa ba sallama. In ka ga mutumin banza ne ka ce a'a, ni zan fara sa maka albarka, kabarin ubansa kuma ba zan daina ziyarta ba. Amma in dalilinka kawai shi ne kujerar ta biyu ce, to ka rubuta kundi ba ka karanta shi ba. Kuma ko a'a ɗin za ka ce, ka ce masa daga kai sai shi. Mutumin da ya zauna a ƙasa a gidan ubanka ba za ka kunyata shi a gaban jama'a ba, wannan kam umarni ne.

Ni dai na san za ka karɓa, na kuma san za ka iya. Taurin kan nan naka na san inda ka samo shi, kuma in aka juya shi ta hanya mai kyau babu abin da ba ya ja. Jihar nan kuɗi ya yi mata yawa, masu tsayawa a kan aiki ne suka yi mata kaɗan. Za a rufe ƙofa a bar ka a waje, za a yi, kada ka yi mamaki. Ranar da aka yi haka kada ka zauna kana hamma, ka shiga mota ka tafi makarantun ƙauye da babu mai zuwa dubawa, ka ga ko akwai alli, ka ga ko malami ya zo. Ka je gaisuwar mutuwa ka zauna a tabarma, kada ka tsaya a bakin mota kana duba agogo. Ka nemi naka kicin ɗin, yana nan yana jiranka.

Hajara da yara suna wurinmu, kada ka sa su a ranka. Asma'u kuwa ni da ita ne, kafin ka dawo ɗaukarsu sai ta iya amsa gaisuwa da Hausa ko ta ƙi ko ta so. In ka isa gida ka fara zuwa gaida Gwaggonka kafin ka ga kowane ɗan siyasa. Maganar ranar Lahadi kuma na yafe, tun kafin in gama alwalar nan na yafe, kada ka tsaya neman kalmomin ba ni haƙuri.

Abu ɗaya nake roƙonka, ban kuma taɓa roƙonka komai ba. Na tsufa, sanyin bana ya shiga ƙirjina fiye da na bara, na riga na gaya wa Innarka ni ma ba na son ƙanƙara. Na wanke mutane da yawa a garin nan waɗanda 'ya'yansu ba su sami zuwa ba. In ka zama babba za ka sami direbobi da 'yan aike da masu tsara maka tafiya. Duk inda aka aike ka ka je, duk inda ya kamata ka aika ka aika. Amma ranar da aka buga maka waya aka ce jikina ya yi tsanani, kada ka jira waya ta biyu, kada kuma ka aiko mini wakili. Ka gaya wa Alhaji, shi ya san abin, ba zai hana ka ba. Ka zo da kanka. Innarka ta san inda yadin yake, liman zai nuna maka yadda ake yi, ba shi da wuya.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka haƙurin zama na biyu da ƙarfin halin faɗin gaskiya, ya kare ka daga masu zuga da masu hassada, ya sa ka gama da mutuncinka. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Innarka ta ce dambun naman da ke cikin ƙaramar jaka na Gwaggo ne, kada ka cinye a jirgi.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ilyasu